Guguwar Tabbas da Tantabarun Kaka

Daga Kaka, ƙarshen sanyi

Zuwa ga angona, bokan iska,

Gaisuwa irin ta matar da aka bari da gida, da fatan kana lafiya, kana kuma cin abincin kirki ba shayi da biskit kaɗai ba. Ni lafiyata lau, in ka cire gwiwar hagu da ke yi mini tsegumi duk lokacin da na hau tsani, da kunnen nan da ya mai da waya abin faɗa. Shi ya sa na koma takarda. Direban motar safe ya ce zai riƙa miƙa maka a ofis, ni kuma in riƙa sa masa albarka, tunda ita ba ta cin mai.

Mai ɗinki maƙwabciyata ta tambaye ni wane aiki kake yi a can. Na ce an ɗauke ka ne ka riƙa kallon sama ana biyanka. Ta ce ai ɗanta ma kullum yana yi, kyauta. To ka fitar da ni kunya. Yi mini bayanin guguwar tekun nan da ake tsorata mu da ita duk shekara: daga ina take tasowa, kuma me ya sa ba ta zuwa sai lokacinta, kamar baƙon da ya san sa'ar sauke tukunya? Ka rubuta da manyan baƙaƙe da ƙananan kalmomi, ka san ban yi nisa a boko ba.

Tantabaru suna gaishe ka. Gurguwa ta ƙyanƙyashe, Alƙali kuwa yana ta kumbura wuya a bakin ƙofa kamar shi ya kwanta a kan ƙwan. Kawunka ya zo jiya. Bai ko zauna ba ya ɗaga kai yana hararar ɗakinsu da ke saman rufi, ya soma waƙarsa ta kullum, wai katakon ya tsufa, a sauke shi. Na ce masa ubansa kafinta ne ya kafa ɗakin nan da hannunsa, kuma shi ne kaɗai abin da ya bar mini wanda ke motsi da safe. In tsufa ne laifi, ya fara sauke ni.

Amaryarka da ba ta tsufa.

Daga jika

Amaryata Kaka,

Takardarki ta iso, dariya ta ƙwace mini har shugabana ya leƙo. Lafiyata ƙalau, ina cin abinci. Ki ce wa Mai ɗinki ɗanta ya kawo takardunsa.

Ga bayanin. Ki ɗauki teku kamar babbar tukunyarki ta baƙi. Ƙaramar tukunya nan da nan take tafasa, babba kuwa sai ta ɓata wa mutum rai. Haka abin yake. Ƙasa kan ɗau zafi tun farkon bazara, amma teku sai rana ta yi wata da watanni tana gasa ta. Shi ya sa guguwa ba ta cika zuwa a farkon zafi ba, sai can wajen ƙarshensa, lokacin da ruwan ya ɗumama har ciki. Sannan tururi ke tashi sama ya zama girgije, ya saki zafin da ya ɗauko, zafin ya ƙara jawo wani tururin. Gurbin da aka bari a ƙasa, iska ta ko'ina sai ta rugo ta cike shi, juyawar duniya kuma ta karkatar da ita, sai ta shiga zagaye kamar ruwan da kika juya a bokiti. Tsakiyarta shiru ne, muna ce masa ido. Mugun abin yana kewaye da idon.

Amma ba kowace ce ke girma ba, yawancinsu a jarirai suke mutuwa. In iskar sama ta fi ta ƙasa gudu, sai ta sare mata kai. In ta shaƙi busasshiyar iska, ko ta hau ruwa mai sanyi, sai ta sume. Shi ya sa a aikinmu ba a rantsuwa. Mu duba hoton tauraron ɗan'adam, mu ce mai yiwuwa ta bi nan, mai yiwuwa ta kauce.

Kaka, ɗakin tantabarun nan ya tsaya mini a rai. Yaya ginshiƙansa? Ƙusoshin da suka riƙe shi da rufi suna nan da ƙarfinsu? Ki ba ni labarinsa dalla-dalla.

Angonki.

Daga Kaka

Angona,

Lafiya lau, gwiwa ma ta yi sauƙi. Na karanta wa Mai ɗinki bayanin tukunya, ta tsayar da kekenta ta saurara, ta ce ashe girki ake koya muku. Ni abin da na lura da shi, tun da ka kama aikin nan bakinka ya mutu. Kana ƙarami in an ce wa ya sha madara, kai tsaye kake cewa kyanwa ce. Yanzu ko sunanka aka tambaya sai ka ce mai yiwuwa.

Amma tambayarka ta ƙarshe ta sa ni share ido da gefen mayafi. Duk cikin jikokina babu mai tambayar ɗakin nan sai kai, da kake hawa bayan kakanka kana riƙe masa gwangwanin hatsi yana kaɗawa suna saukowa. Tunda ka tambaya, ga gaskiya, amma ta tsaya tsakaninmu. Ginshiƙin gabas gara ta cinye cikinsa, in na jingina sai ya yi ƙara kamar gwiwata. Ƙusoshi biyu sun fita, na ɗaure wurin da igiyar shanya. In iska ta kaɗa, ɗakin kan yi 'yar rawa, su kuma ko a jikinsu. Kada kawunka ya ji, ka san shi da sa baki.

Ka zo hutu da guduma mu gyara tare.

Amaryarka.

Daga jika, farkon zafi

Kaka,

A gurguje nake rubutu, ina fatan kina lafiya. Babbar guguwa na tafe, tabbas za ta faɗa wa unguwarku cikin makon nan. Kawu zai zo da mota gobe, ki bi shi zuwa gidansa. Kada ki tsaya haɗa kaya. Tantabaru ki bar su, ya ce zai sa a kula da su. Ba a sanar ba tukuna, don haka kada ki faɗa wa kowa. Tabbas nake gaya miki, Kaka. Don Allah kada ki yi gardama.

Jikanki.

Daga Kaka, a gidan Kawu

Angona,

Ina lafiya, in zaman akurki lafiya ce. Kawunka ya ajiye ni a hawan sama, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon wani. Matarsa tana kula da ni ƙwarai, har ruwan sha sai ta tambaye ni ko zan iya ɗaga kofin.

Ka ce kada in faɗa wa kowa. Haba, ɗan nan, a gidan wa aka rene ka? In tsere in bar Mai ɗinki da jikokinta? Kafin motar kawunka ta iso na bi layinmu ƙofa ƙofa da sandata. Na ce jikana ne ya faɗa, wanda ke zaune gaban hoton sama, kuma bai taɓa cewa tabbas ba sai yau. Masunta sun ja jiragensu tudu. Mai shago ya buga katako a tagoginsa. Mai ɗinki ta kwashe kekenta da kayan mutane ta kai gidan 'yar'uwarta.

To ga mako ya wuce, wani ya bi bayansa, sama tas kamar an wanke ta. Guguwarka ɓatan hanya ta yi, ko iskar sama ce ta sare mata kai? In haka ne ba komai, ai ka ce a jarirai suke mutuwa. Kada ka ji kunya ka ƙi rubuto mini. Direba ya ce ya ba ka takardata ta makon jiya hannu da hannu. Kawunka kuma kullum in na ce zan koma sai ya ce a ƙara kwana biyu, yana magana yana duba takalminsa.

Wa ke ba tantabaruna ruwa?

Amaryarka.

Daga Kaka, a gidanta

Malam ma'aikacin yanayi,

Bayan gaisuwa. Lafiyar jiki da sauƙi.

Mai ɗinki ta zo duba ni a gidan kawunka. Ta zauna a bakin gado tana ta murɗa zaren da ya maƙale a rigarta, sannan ta ce tana so in ji daga bakinta kafin in gani da idona. Washegarin tafiyata kawunka ya zo da ma'aikata da tsani. Kafin azahar sun sauke ɗakin. Katakon an zuba a mota, tantabarun an kai wa wani mai kiwo a bayan gari. Ta ce ta tare shi a ƙofa, ya ce ai da shawarar mai ilimin gidan aka yi.

Ban tsaya sallama ba. Na shiga motar haya da silifas ɗin banɗaki.

Ka san abin da na tarar? Sun dawo. Mai kiwon ya buɗe musu, suka taso suka nufo gida. Na same su jere a kan kwanon rufi, daidai inda ɗakin yake a da, cikin rana, suna ta leƙa wurin da ƙofa take. Alƙali na kai da kawowa a kan ramukan ƙusoshi. Gurguwa ta dawo ita kaɗai, 'ya'yanta ba su isa tashi ba, Allah kaɗai ya san inda suke.

Da la'asar na taka har bakin teku, na tuɓe silifas na tsoma ƙafa. Sanyi ƙarara, har cikin ƙashi. Nan na tsaya ina tuna karatun da ka koya mini, babbar tukunya ba ta tafasa da wuri. Kai ka rubuta mini da hannunka, da manyan baƙaƙe yadda na roƙa. Wato ka koya mini lokacin guguwa, sannan ka yi mini ƙarya da ita a lokacin da ba nata ba, don ka san tsohuwa ba za ta haɗa biyu da biyu ba in angonta ne ya faɗa.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar ginshiƙi. Ni ina can ina share hawaye wai jikana yana kewar kakansa, ashe awon gawa kake yi. Na buɗe maka cikina, har igiyar shanya na faɗa maka, ka ɗauka ka miƙa wa kawunka.

Yanzu in na fito layi, mai shago sai ya ɗaga kai sama ya ce, "Kaka, yau da tabbas ko babu?" Masunta sun yi asarar kamun mako guda saboda bakina. Gaisuwa kawai suke yi su wuce, wannan kuwa ya fi zagi. Shekarun da na yi a layin nan ban taɓa faɗin magana aka juya ta aka ga ƙasanta a ruɓe ba, sai da na ari bakinka.

Tantabarun na shigar da su kicin, na jera musu kwanduna a ƙarƙashin tebur. Gwangwanin kakanka na tsinto shi a kwata, ya lotse, amma yana ƙara.

Kada ka wahalar da direba.

Kakarka, uwar mahaifiyarka.

Daga jika

Kaka,

Ina gaishe ki, ina fatan gwiwa da sauƙi. Na karanta. Ban iya cin abinci ba ranar.

Ban yi don in raina ki ba. Ɗakin nan da ginshiƙi ruɓaɓɓe da igiyar shanya, in iska mai ƙarfi ta same shi ba faɗuwa zai yi ba, tashi zai yi, ya ɗebi rufinki ya tafi da shi. Kuma ruwan teku na bana, alamu sun nuna zai fi na bara ɗumi in lokaci ya yi. Kawu ya yi shekaru yana roƙonki kina korarsa. Na ga in an bari sai ƙarshen zafi, an makara. Ban zaci za ki faɗa wa layi ba. Ban san za a zubar da katakon ba, Kawu ya ce mini ajiyewa za a yi.

Ki yi mini faɗa yadda kike so, amma ki rubuto.

Jikanki.

Daga jika, ƙarshen zafi

Kaka,

Takarduna uku ba amsa. Direba ya ce kina karɓa ki sa a ƙarƙashin tire. Na roƙe shi ya tsaya a kanki har ki buɗe wannan.

Akwai wata guguwa da ta taso can tsakiyar teku. Da farko tarin girgije ne kawai, yanzu ta fara zagaye, jiya ido ya buɗe. Ruwan da ke gabanta duk mai ɗumi ne, iskar sama kuma ta kwanta, babu abin da zai sare ta. Mai yiwuwa ta karkata arewa ta bar ku da ruwan sama kawai. Mai yiwuwa ta miƙe ta shigo ta wajenku. Ban sani ba, Kaka. Mu duka a ofis ba mu sani ba. In ta shigo, ba iska ce kaɗai ba, teku za ta biyo ta har cikin layi.

Za a sanar a rediyo yau, za a buɗe makarantar kan tudu. Ba na cewa ki je gidan Kawu. Ki je inda kike so, in dai sama ne. In iska ta tsaya cak ana tsaka da abin, kada ki fito, ido ne, rabin na baya yana tafe.

Na san na kashe bakina a wurinki. Ba ni da wani.

Jikanki.

Daga Kaka, bayan guguwa

Malam,

Muna raye. Gwiwa ta kumbura saboda hawan tudu, ban da wannan lafiya lau. Mai ɗinki da jikokinta ma lafiya.

Direbanka ya tsaya mini a ka kamar mai jiran bashi, sai da na buɗe. Na karanta na ninke na mayar ƙarƙashin tire wurin 'yan'uwanta. Sannan na ɗau sanda na tafi bakin teku. Ruwan kamar wanda aka sirka wa jariri. Ko iska babu, amma igiyoyin na zuwa dogaye, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Na dawo na sake ɗauko takardar na ƙirga mai yiwuwa a ciki, na ga har da ban sani ba. Na ce to, wannan muryarsa ce.

Kada ka yi murna. Ba kai na gaskata ba, ƙafata na gaskata.

Wahalar da ta rage ita ce layi. Rediyo ya faɗa, amma mai shago ya ce an taɓa yi masa, ba zai sake buga katako ba. Mai ɗinki ta ce ba za ta ƙara ɗaukar keke a ka mutane na dariya ba. Ka ga abin da ka saya mana? Ban yi musu gardama ba, bakina ai ba shi da sauran daraja. Na kama hannun Mai ɗinki na ja ta har bakin ruwa na ce ta tuɓe takalmi. Ta tsoma, ta dube ni, ta koma ta fara naɗe kaya. Masunta kuwa tun kafin mu je sun ja jiragensu, su ba sa jiran jikan kowa.

Na tafi makaranta da kwanduna biyu, Alƙali na ta zage-zage a ciki. Malamin da ke tsaron ƙofa ya ce ba a shiga da dabbobi, na ce masa waɗannan marayu ne, gidansu aka rushe. Ya matsa.

Abin ya zo yadda ka faɗa. Kuka kamar ana yanka sama, sannan shiru, har rana ta leƙo. Mutane suka miƙe za su je duba gidajensu. Na zauna a bakin ƙofa na gitta sandata na ce ido ne, duk mai son fita ya tsallake ni. Mai shago ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, sai ya fasa. Ba a jima ba guguwar ta dawo ta ɗaya gefen, ta fi ta farko hauka.

Gidana yana tsaye. Ruwa ya shiga har gwiwa, ya bar mini yashi da kifi ɗaya a ƙarƙashin gado, amma rufin bai ɗaga ba. Rumfar mai shago kuwa an tsince ta a layi na uku. Na tsaya a tsakar gida na dubi inda ɗakin tantabaru yake a da, na dubi inda iska ta bi. Kai tsaye kan ɗakin da jikokin Mai ɗinki ke kwana. Na gani. Ba sai ka faɗa ba, kuma kada ka faɗa.

Amma ga abin da nake so ka sani. Da ka rubuto mini ka ce, Kaka, ɗakin nan mai yiwuwa ya tashi ya faɗa kan yaran maƙwabta, da na zage ka, na zagi ofishinku, na yi kwana biyu ba na cin abinci. Sannan in kira ka mu hau tare, mu zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, in ajiye katakon kakanka a bayan ƙofa. Kawunka kullum tsufan katako yake faɗa, bai taɓa kawo mini zancen yaran ba. Kai da ka san inda iska ke bi, ba ka gwada ni ba. Ka zauna ka auna teku, ka auna sama, ka auna ginshiƙi, ni kuwa ka yanke cewa ba na jin magana sai ta ƙarya. Rufin da ya tsira bai goge wannan ba.

Jiya na kaɗa gwangwani a tsakar gida suka sauko, Gurguwa a ƙarshe kamar kullum. Kicin ya yi musu kaɗan, ni ma na gaji da tsintar gashi a shayi. Ana bukatar sabon ɗaki, a ƙasa, jikin katangar yamma. Kawunka ya ce zai turo ma'aikata, na ce in suka taka mini ƙofa da ruwan wanke-wanke zan tare su. Wanda ya auna tsohon shi zai kafa sabon, da hannunsa, kuma kafin ya ɗaga guduma zai bi layin nan ƙofa ƙofa yadda na bi, ya faɗa wa masunta da mai shago bakin wa ya yi ƙarya.

Sunan da nake kiranka da shi yana nan, na ajiye shi ƙarƙashin tire.

In za ka zo, rubuto mini mai yiwuwa, sai in ɗora tukunya. In ka rubuta tabbas, ko tsakar gida ba zan share ba.

Kakarka.